Na kai auta Madarunfa ɗibar gansakuka

Wallahi da farko na ɗauka wasa take. Daren Juma'a ina zaune ƙofar gida ina fama da wata waya da aka kawo min gyara, sai ga autarmu ta fito da 'yan kwalabe shida da wata doguwar safar mata da ta ɗinka wa zoben ƙarfe a baki, ta ce Yaya don Allah gobe ka kai ni Madarunfa. Na ce ziyara za ki ko kifi kike sha'awa? Ta ce gansakuka za ta ɗebo. Na aje turnabis na dube ta da kyau. Na ce gansakukar da Inna ke sa ni shiga tanki ina kankarewa duk ƙarshen wata, ita ce za mu ƙona mai mu tafi nema har Madarunfa? ga ta can a kwatar bayan gida kyauta, in kina so ma in cika miki bokiti. Ta ce aikin makaranta ne, shekararta ta ƙarshe ke nan a jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo tana karatun halittu, kuma a kan ruwan tabkin can za ta rubuta memuwar ɗinta, wato kundin binciken kammala karatu.

Na so in zille don Asabar ranar ciniki ce a shago, amma duk mai auta a gida ya san yadda irin wannan shari'ar ke ƙarewa, Inna ta leƙo ta ce kai ka kai ta mana ai karatu ne, shi ke nan magana ta mutu. Muka yi da ita za ta zuba mai, jika biyu. Ku riƙe jika biyun nan a ranku don har yanzu da nake rubutun nan idona bai gan su ba.

Wajen bakwai da rabi muka fita, tsakiyar hunturu, hazo ya rufe Maraɗi har ba ka hango ƙarshen titi, rana ta yi fari fat kamar farantin silba, sanyi kuma na shiga har ƙashi. Inna ta biyo mu zaure tana cewa kar ku yarda magariba ta same ku a hanyar kudu. A bakin gari na tsaya wurin masu ruwa-ruwa aka juye min kwalba biyu, da kuɗina, yaron na cikin juyewa auta ta ce Yaya ka san wannan ma asalinsa dangin gansakuka ne? wai mafi yawan man fetur ragowar ƙananan halittun ruwa ne da suka mutu suka kwanta ƙasan teku da manyan tabkuna, laka ta binne su, zafi da nauyin ƙasa suka yi ta dafa su shekaru miliyoyi. Yaron ya dube ta ya dube ni. Na ce masa rabu da ita 'yar jami'a ce, ba ni canjina.

Muka kama hanyar Ɗan Isa. Jiratawa kam in ka wuce ta a wannan lokacin sai ka manta rani ake, lambuna kore shar, zogale da albasa da tumatir, mata da yara na ta jidar ganye. Ba mu yi nisa da nan ba ta hau bubbuga min kafaɗa wai tsaya tsaya. Na ɗauka wani abu ya faɗi. Ashe wata saurar gona ta hango gefen hanya, wadda da gani an yi shekaru ba a sa mata hauya ba, 'yan sabara nan da can, tsakaninsu ƙasa ta yi wani ɓawo baƙi-baƙi kamar ƙanzon tukunya. Ta durƙusa ta sa wuƙa ta ɓanɓaro ɗan guntu, ta ɗaga min shi, sai ga ƙwayoyin rairayi na reto a ƙarƙashinsa kamar an ɗinke su da zare. Sannan ta ɗauki gorar ruwan shanmu ta tsiyaye kusan rabi a ƙasa. Na ce ke lafiyarki? Ta ce mu ci ƙosanmu tukuna.

Muna ci sai ga wani dattijo bisa amalanke ya ja shanu ya tsaya, ya ce sannunku samari, lahiya kuke ba ƙasa ruwan sha? Auta ta gaishe shi ta ce Baba zo ka gani. Kamar rabin awa da zuba ruwan, wurin da ya jiƙe ya fara sauya launi, baƙin nan ya koma wani kore mai duhu kamar kunun kuka. Ni dai gani ya kori ji. Ta ce wannan ɓawon rai gare shi, wasu ƙwayoyin halitta ne da ake ce ma siyanobakteri, sirara kamar zare, suna ɓoye ƙarƙashin rairayi duk tsawon rani a bushe kamar matattu, da sun ji danshi sai su rarrafo sama neman haske su kama aiki. Aikin kuwa shi ne irin na ganye, su haɗa hasken rana da ruwa da iskar kabon su yi abincinsu, su saki oksijin. Jikinsu na fidda wani yauƙi da ke manne rairayi, shi ya sa iska ba ta iya kwashe ƙasar wurin, wasunsu kuma na kamo azot daga iska su aje a ƙasa, wato sinadarin nan da manomi ke saye da tsada cikin buhun yuriya. Ta ce wani masani ɗan ƙasar nan, Umaru Malam Isa, tun shekarun 1990 yake nazarin wannan ɓawo a wajen Banizumbu can yamma.

Dattijon bai yarda duka ba, kuma ya burge ni. Ya ce ɗiyata iska kam ba ta ɗaukar wurin, gaskiyarki, amma in an yi ruwan sama bisa shi yake gudu bai shiga ba, mu shi ya sa muke karce shi. Ta ce haka ne Baba, wani wurin yakan hana ruwa nitsewa, sai dai a daji ruwan da ya gangara daga kansa itatuwan da ke ƙasa da shi ne ke sha, kuma in shanu suka tattake shi sai an yi shekaru kafin ya sake haɗuwa. Ya yi dariya ya ce to a gaya ma shanu. Ya kaɗa abinsa ya wuce, mu ma muka hau.

Madarunfa ba ta da nisa, kilomita 25 ne ko kusa da haka daga Maraɗi, amma kunya ta kama ni da na tuna rabona da bakin tabkin tun muna firamare da aka kai mu yawon buɗe ido. Shi ne ruwa mafi girma a jiharmu. Ga kaburburan waliyyai 99 da ake zuwa ziyara kewaye da shi, auta ta ce tun 2006 Nijar ta miƙa ma hukumar UNESCO sunan tabkin tare da dajin da kaburburan don neman a sa su cikin kayan gadon duniya, a 2019 kuma aka sa shi cikin jerin dausayoyin duniya na Ramsar saboda tsuntsaye da kifi. Tsuntsayen kam mun gani, balbela fari fat a gefe, zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi, kirinjijiya garke guda suna tashi suna sauka da kukansu. Hazo ya haɗe ruwa da sama har ba ka rabe inda ɗaya ya ƙare.

Aka nuna mana wani tsohon masunci yana gyaran taru ƙarƙashin itace. Muka durƙusa muka gaisa, ya tambayi ɗiyan wa ne mu, wace unguwa, sannan ya ce mi kuka zo nema? Da auta ta faɗa masa bai yi dariya ba kamar yadda na yi, ya ce to wace iri? ta bakin gaɓa mai zare ko ta tsakiya mai sa ruwa launi? Nan take na gane cikin mu uku ni kaɗai ne jahili.

Ya tura jirginsa muka shiga. In faɗa muku gaskiya ni ban iya ruwa ba, na zauna tsakiya na riƙe gefe da gefe ina ta salati a zuci, jirgin kuma na ɗan shan ruwa ta wata kafa, ya miƙo min gwangwani ya ce samari ga aikinka. Da muka kai tsakiya auta ta fito da murfin bokitin fenti fari da ta huda ta ɗaura ma igiya da dutse, ta riƙa sakinsa cikin ruwa a hankali har ya ɓace ma ido, ta auna igiyar ta rubuta. Wai dabara ce ta wani Ba'italiye mai suna Anjelo Seki tun 1865, da ita ake gane iya inda haske ke kaiwa cikin ruwa, don inda haske ya tsaya nan girkin gansakuka ya tsaya. Tsoho ya kalle ta har ta gama, sai ya nitsa filafilinsa tsaye cikin ruwa ya ce ni ga nawa, in na daina ganin bakinsa tun bai kai nan ba, ya nuna da yatsa, na san ruwa ya yi kauri. Ta ce Baba ai abu guda ne, sai dai faifan nan bai san bambancin laka da gansakuka ba. Ya ce ni ko na sani. In ruwa ya yi ja, lakar gulbi ce ta damina, kihi bai samun abinci sosai. In ya kwanta ya yi kore-kore mai haske kamar na yau, to kihi zai yi mai. In ko ya yi kore irin na fenti har da kumfa da wari, sai mu ce Allah shi kyauta.

Na ce Baba mi ke faruwa in ya yi hakan? Ya aje filafili bisa cinya. Ya ce da bazara ne, in zahi ya kai zahi ruwa ya janye ya bar laka, sai ka ga gefen da iska ke turawa ya yi wani kore mai kauri, ka sa sanda ka ja layi sai layin ya tsaya. Da rana lahiya lau ba ka ganin komi. Amma ka zo da asuba, karfasa duk sun taso sama sun buɗe baki suna hamma kamar masu roƙon iska, in abin ya yi tsanani kahin hantsi sun juya ciki sama. Tarwaɗa ko ba ruwanta, tana nan tana yawonta. Ya ce wata shekara da munka gani, har yara sun gaji da tsinta. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Auta har tana rawar jiki don abin da ke cikin littafinta ne tsoho ya zayyana mata tsaf. Ta ce da rana gansakukar na ta zuba oksijin cikin ruwa har ya yi yawa, amma da rana ta faɗi girki ya tsaya, ita ma sai ta koma shaƙa kamar kowa, ga kifi na shaƙa, ga ƙwayoyin da ke ruɓar da wadda ta mutu su ma suna shaƙa, kuma ruwan zafi dama bai riƙe iska kamar mai sanyi, to duk dare ana ci ba a ƙarawa, shi ya sa asuba ce lokacin da ruwa ya fi talaucewa. Tarwaɗa kuma tana da wani abu cikin kanta bayan wurin da kifi ke shaƙa, da ke ba ta damar haɗiyar iskar sama kai tsaye, shi ya sa take daɗewa a raye ko an fidda ta daga ruwa. Tsoho ya ce wannan kam ko jikana ya sani, tarwaɗa sai an buga mata sanda.

Abin da ke sa ta yi yawa haka, in ji auta, ƙoshi ne. Takin zamani da ruwa ke wankowa daga lambuna da gonaki, kashin dabbobi a mashaya, ruwan sabulun wanki, duk abinci ne gare ta, ga ruwa ya ragu ga zafi. Ni dai ban ga laifin mai lambu ba, da mi zai ciyar da gidansa, amma na yarda da ita cewa buhun da ka saya da guminka in rabinsa ya gangara tabki to kai ka yi asara masunci ma ya yi, kuma barin ciyawa da kaba a bakin ruwa maimakon a nome har gaɓa yana tare da yawa daga ciki. Ta ƙara da wani abu da ya tsaya min a rai, cewa wasu daga cikin masu yin fentin nan suna fidda dafi mai cin hanta, kuma tafasa ruwan ba ya kashe dafin. A Botsuwana a 2020 giwaye sama da 300 suka mutu a yankin Okabango, hukumomin ƙasar suka ce dafin irin wannan gansakukar ne a ruwan da suka sha. Giwa fa. Tsoho ya ce shi ya sa Bahillace mai hankali in ya ga ruwa ya yi haka bai shayarwa ta inda iska ta tara shi, sai ya zagaya da shanunsa ta inda iskar ke fitowa.

Sannan aka zo kan safar nan. Ta ɗaura 'yar kwalba a ƙarshenta, ta jefa a ruwa, tsoho na tuƙi a hankali safa na bin mu a baya tana tace ruwa, ni ina ta kwarfa da gwangwani. Bayan kamar minti goma ta jawo, ruwan cikin kwalbar ya yi kore-kore da wasu 'yan ɗigo-ɗigo masu tsalle. Muka yi haka wuri uku, muka ɗebo ta bakin gaɓa mai zaren ma, muka fito. Ban taɓa jin daɗin taka ƙasa irin na ranar ba.

A bakin ruwa ta buɗe jakar da na yi ta ƙorafin nauyinta tun gida, ashe wani tsohon mikroskof ne ta aro, na'urar nan ta ganin abin da ido bai iya gani, mai ɗan madubi a ƙasa, ba ruwansa da lantarki rana ake tara masa. Ta ɗora shi bisa wani jirgi da aka kife, ta ɗiga ɗigo ɗaya tak a gilashi, ta murɗa ta murɗa ta ce Yaya leƙa.

Jama'a, ni mai gyaran waya ne, kullum idona na kan ƙananan abubuwa, amma wannan daban ne. Zaren nan mai santsi da nake tsana, ashe ɗaki-ɗaki ne jere kamar taragon jirgi, kowane ɗaki da wani kirtani kore a murɗe cikinsa kamar sifirin ɗin biro. Ga wasu masu ruwan zuma, siffarsu sak jirgin da muka sauka daga ciki, da 'yan layuka a jiki kamar an zana da allura, suna tafiya sululu ba ƙafa ba wutsiya, ta ce sunansu diyatome kuma kwansonsu na gilashi ne, sinadari ɗaya da rairayi. Ga wani zagayayye mai ƙahonni kamar aikin kan hula. Ga wani kamar carbi, ƙwaya bayan ƙwaya, can tsakiya ɗaya ta fi sauran girma da haske irin wadda ake sawa don rabe ƙidaya, ta ce wannan babbar ita ce ɗakin kamo azot, dangin na saurar gonar ɗazu ne. Ina cikin kallo sai wani ƙato ya faɗo cikin hoton yana bugun ruwa har na ja da baya, jikinsa garau kana ganin cikinsa, hanjinsa cike da kore. Ta ce ƙumar ruwa ce, ita ke kiwo a kan waɗancan kamar akuya a saura, 'ya'yan kifi su ci ta, babban kifi ya ci su, zalɓe da mu mu ci babban.

Yara suka taru aka yi layi. Tsoho ya ce a ba shi wuri. Ya rufe ido ɗaya da tafin hannu ya leƙa, ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago ya goge idon da bakin riga ya sake komawa. Ya ce wanga duk cikin ɗigo guda? Ta ce ɗigo guda Baba. Ya ce ikon Allah, shekara hamsin ina bisa ruwan ga. Ya yi shiru, can ya ce to ɗiyata nuna mini wanda ke kashe mini kihi cikinsu. Ta ce Baba su ne dai masu ciyar da shi, yawa ne ke ɓata su.

Wurin cin abinci ne ta ƙarasa ni. Wata iya na suyar kifi ƙarƙashin rumfa, auta ta roƙe ta ta bari mu ga cikin karfasa ɗaya kafin ta zubar, iya ta ce yau na ga 'yan birni, ta tsaga ta jawo hanjin, dogo ne ƙwarai a naɗe, ta matse shi sai ga wani abu kore kamar dakakken zogale. Karfasa dai gansakuka take ci kai tsaye. Na dubi wadda ke hannuna da yaji a kanta, na ce wato ni yanzu abin tankin Inna nake ci da ya zama nama. Ban fasa ci ba, har na ƙara ɗaya.

Muna ci tana ta zuba. Ni a sanina itatuwa ne ke ba mu iskar shaƙa, haka mushe ya koya mana, ta ce itatuwa da ciyayi rabi suke bayarwa, kusan rabin oksijin da ake samarwa a duniya daga irin waɗannan ƙananan na cikin teku yake fitowa. Akwai wani ma wai shi Purokulorokokus, sai da na sa ta maimaita sau uku, ƙanƙantarsa ba ta kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba, yana cikin masu girki da rana mafi yawa a duniya amma ba wanda ya san da shi sai 1986 da wata masaniya Ba'amurkiya Sali Cisholm da abokan aikinta suka gano shi. Na ce mu da ko teku ba mu da shi a Nijar. Ta ce iska ba ta da duwan. Ta ce masana duwatsu sun nuna da can iskar duniya ba oksijin a cikinta, siyanobakteri ne suka yi ta saki a hankali har ya taru, wajen shekaru miliyar 2.4 da suka wuce, biliyan ke nan a bakin 'yan Najeriya, kuma oksijin na farko ƙarfen da ke narke cikin teku ya fara kamawa ya yi tsatsa ya kwanta, shi ne jajayen duwatsun da ake haƙar ƙarfe daga cikinsu yau. Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne wai koren da ke cikin ganyen hatsi da na zogale da na kowace bishiya, asalinsa irin wannan ƙwayar ce da ta shige cikin wata ta zauna, zaman ya ɗore har ta zama 'yar gida. Iya mai kifi ta ce wannan yarinya a kai ta rediyo.

Bayan azahar muka sallami tsoho, ya ƙi karɓar kuɗin jirgi sai da na ce na goro ne, ya ce auta ta dawo da bazara in tana son ganin na fentin. Dawowa hazo ya ƙara kauri, motoci da fitila kunne da rana tsaka, muka iso gida fari fat kamar an tona mu, gashin ido ma ƙura.

Muka tarar da Kawu ya zo gaida Inna. Shi tsohon direban kamiyo ne, ya yi shekaru yana bin hanyar Diffa da Gigimi har cikin Cadi. Da ya ji abin da ya kai mu sai ya ce ai shi ya ci gansakuka da tuwo. Na ce Kawu kai ma? Ya ce a ƙasar Kanem, gabas da tabkin Cadi, matan Kanembu ke zuwa ƙananan tabkunan kanwa su yaɗo koren da ke saman ruwa, su zuba a wani ɗan gurbi da suka yi cikin rairayi, ruwa ya tsotse rana ta busar, su yayyanka shi kamar ƙuli su kai kasuwa, sunansa dihe, miya ake yi da shi. Ya ce ranar farko warin ya dame shi, daga baya har guzurinsa yake yi. Auta ta ce shi ne sifirilin da ake sayarwa a famasi da tsada, kusan kashi 60 cikin ɗari na busasshensa furotin ne, kuma wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jan Leyonar, da ya gan shi a kasuwar For Lami, Njamena ta yanzu, a 1964 shi ya sa Turawa suka farga da shi. Kawu ya ce su dai matan ba su jira shi ba. Ta ja kunnena kuma wai kar in ce zan gwada da na Madarunfa, wancan cikin ruwan kanwa mai ƙarfi yake fitowa inda sauran ba su iya rayuwa sosai, na tabkin ruwan daɗi ba a san mi ya gauraya da shi ba sai an auna. Kamar dama na ce mata ina sha'awa.

Ina kakkaɓe rigata ƙura na tashi, ta ce Yaya ka tuna masu kama da jirgi ɗin nan masu kwanson gilashi? to ga su nan a rigarka. Wai a arewacin Cadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, ƙasan wani ƙaton tabki ne da ya ƙafe, shekaru kamar 7000 da suka wuce tabkin Cadi har can ya kai. Diyatome suka yi ta mutuwa suna kwantawa har suka zama farar ƙasa mai kauri marar nauyi, yanzu iskar hunturu in ta matso tsakanin duwatsun Tibesti da Enedi sai ta kwashe ta ta yo yamma da ita, wani kaso na hazon da ke sa mu tari daga can yake. Ta ce a 2015 masanan NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, sun ƙiyasta ƙurar Sahara tan miliyan 27 da wani abu ke ƙetare teku ta sauka dajin Amazon duk shekara, ɗauke da fosfor kusan tan 22,000, taki ke nan. Kawu ya ce to ai tsofaffi sun daɗe suna cewa shekarar da hunturu ya yi ƙura gona takan yi kyau, ku ne dai sai an faɗa da Faransanci kuke yarda.

Washegari Lahadi Inna ta miƙo min buroshi da bokiti ta ce tanki ya yi kore. Na gyara tsayuwa na ce Inna wannan abin da kike gani shi ke ba mu iskar shaƙa, shi ke ciyar da kifi, ko giwa tana tsoronsa. Ta ce to ka shiga ka gaishe shi ka fito da shi. Na juya wurin auta neman agaji, tana can tana liƙa ma kwalabenta takarda ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce a'a Yaya na ruwan sha kam a kankare, kuma murfin tankin ne ya fashe rana ke shiga, in ka rufe shi ruf ba haske ba za ta sake fitowa ba. Na ce shekara nawa kina kallona ina shiga tankin nan kin san haka ba ki faɗa ba? Ta ce ai ba ka tambaya ba.

Na kankare, da la'asar na je wurin mai walda ya yi min sabon murfi jika uku. Na rubuta a littafin bashi na shago ƙarƙashin sunanta, jika biyar ke nan.